Tumatirin Innata

Shafi na 14

Ta taka! Jama'a Lukuti ta taka, taku huɗu cif, ba kama bango ba kama kujera, ni na ƙirga da bakina. Wata goma sha ɗaya da kwana shida. Masu cewa ƙiba ce za ta zaunar min da 'ya, sai ku zo ku gani.

Amma ku dakata da barkar tukuna. Inda ta taka ta je shi ne maganar. Tun ɗazu nake dariya ina share ido, na rasa wanne zan riƙe.

Don waɗanda suka shigo jiya suna ta tambayata wai me ya sa nake kuka a kan tumatir kamar ba a sayar da shi a kasuwa: wannan ba a sayar da shi. Irin Innata ne, Allah ya ji ƙanta. Duk shekara ita ke zaɓen wanda ya fi kyau, ta matse ƙwayar ta shanya a murfin kwano, ta ƙulle a ƙyalle. Ɗan dogo ne mai tsini a gindi, ba shi da ruwa tsululu. Ƙulli ɗaya tak na samu a cikin kayanta. Ni kuma da rawar kai na juye shi duka na shuka, ko ƙwaya ban rage ba. Ashirin da bakwai suka tsiro. Ashirin da huɗu na dasa a bayan gida, uku suka rasa wuri na sa su a bokitan fenti a baranda.

To na bayan gidan ne suka kama ciwo. Ganye ya yi dabbare-dabbare, nan kore nan rawaya, sabon tohon kuma ya motse ya zama siriri kamar zare. Ba abin da ban yi ba. Ruwan darbejiya na fesa, tafarnuwa da barkono na daka har idona ya kumbura, toka na barbaɗa, ruwan sabulu na yi. Maganin kanti ne kawai na ce ba zai shiga lambuna ba, don abin da Lukuti za ta ci ne.

Yau da hantsi Malamar gona ta zo. Ƙanwar maƙwabciyata ce, sati biyu ina bin ta da roƙo. Gajeriya ce, ga takalmin roba har gwiwa, ba ta da yawan fara'a. Ko zama ba ta yi ba ta ce in ba ta sabulu. Na ɗauka ƙyamar gidanmu take, ashe kafin ta taɓa shuka take wanke hannu, bayan ta taɓa ma ta sake.

Da tsinke ta dinga juya ganyen. Ta bi layin nan daga farko har ƙarshe, ni kuma ina bin ta a baya ina ta zuba, ina gaya mata yadda kwarkwatar ganye ta taɓa rufe su, na yi haɗin darbejiya, kwana biyu suka mutu ƙurmus. Kun tuna ai, shafi na tara. Har mutum sittin da wani abu suka ce min sun kwafa.

Ta ɗago ta ce, “Kwana biyu? Da darbejiya?”

Na ce wallahi.

Ta ce, “Wa ke shan taba a gidan nan?”

Dariya na yi. Na ce ba kowa. Baban Lukuti ko warinta ba ya so, kuma ma wata biyu ke nan yana wurin aiki. Baba kuwa, surukina, tsohon direban babbar mota, a da kam kamar hayaƙin motarsa yake, amma shekara biyu ke nan da ƙirji ya kwantar da shi asibiti, likita ya ce ko taba ko rai. A gaban Mama, matarsa, ya ɗaga hannu ya rantse. Duk baƙon da ya shigo gidan nan sai Mama ta ba shi labarin kafin ta ba shi ruwa.

Malama ba ta ce min ƙarya nake ba. Sai dai ta dinga shaƙar iska kamar mai neman inda abu ya mutu. Ta zagaya bayan duron ruwa, ta ɗaga wani buhu da ƙafa.

Jarka ce, ƙarama, irin ta man girki. Ba tawa ba ce.

Ta buɗe. Warin da ya bugo ni sai da na ja baya. Ruwa ne ja kamar shayin da ya kwana, guntayen sigari na iyo a sama, sun kumbura.

Daidai nan Baba ya shigo da Lukuti a kafaɗa. Kullum da safe shi ke fita da ita bakin ƙofa su ga motoci, yana koya mata wai wannan taya goma ce wannan sha huɗu. Da ya hango jarkar a hannun Malama sai ya tsaya cak. Mama ma ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce wane irin wari ne wannan ya cika mata gida.

Ni dai ƙasa na kalla. Ku da kuke ce min in dinga buɗe baki, ku gaya min yadda mace ke tsare surukinta da tambaya. Mutumin da ya sassaƙa min sanduna, ya ɗebo min taki a buhu a bayan keke, in na yi wanki shi ke min ban ruwa.

Malama kam ba surukinta ba ne. Ta gaishe shi da ladabi ta ce, “Baba, wannan aikinka ne?”

Ya sauke Lukuti ya miƙo min. Ya ce nasa ne.

Mama ta ce, “Naka kamar yaya?”

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba sha yake ba, tsinta yake. A tasha, inda suke zama da tsoffin abokan aikinsa, nan yake bi yana tsince guntaye da leda a hannu, har yaran mota na masa tsiya wai tsoho ya koma shara. Wai dabarar tsoffin direbobi ce, da ita suke kashe kuɗin cizo a katifar mota. Ya ce a ransa abin da ya kashe kuɗin cizo ai kwarkwatar ganye ba ta isa ba. Sau uku ya fesa, duk ranar da na kai Lukuti awo ko na je kasuwa. Na ƙarshe sati uku ke nan.

Sai ya juyo wajena ya ce, “Na ga kin tsuguna a gabansu kina kuka, 'yata. Kin ce ba kya son maganin kanti. Wannan kuma na ga ba na kanti ba ne.”

Mama ta ce to me ya hana shi faɗa.

Ya ce, “Ta riga ta gaya wa mutanen cikin wayarta darbejiya ce. Ta yini tana murna. Sai in kunyata ta?”

Jama'a da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malama ta rufe jarkar ta yi mana bayani, ba ta tauna ba. Ta ce kwarin kam ya kashe su, ba ƙarya. Amma taba na da wani ciwo nata da ke zaune a cikin busasshen ganyen, tumatir kuma kamar ɗan'uwan taba ne, yana kamawa. Ko feshi ba sai an yi ba, hannun da ya murza sigari in ya taɓa ganye ya ɗan goge shi, shi ke nan. Kuma ba shi da magani, na gida ko na kanti. Ta ce ruwan kansa ma dafi ne, ba a kusantar da shi abin da yaro zai ci.

Nan take na tuna alayyafon da nake dafa wa Lukuti. Baba ya yi saurin cewa tumatir kawai ya fesa, alayyafo da karas suna can ɗaya gefen, ko ɗigo bai kai musu ba. Tumatirin kuwa ko ɗaya bai nuna ba balle a ci.

Na ce to yanzu ya za a yi da su.

Ta ce a tuge, a ƙone. Kar in zuba a ramin takina. Kuma bana kar in sake sa tumatir ko barkono a wannan ƙasar.

Na ce to in bar biyu su nuna in cire iri mana.

Ta girgiza kai. Ta ce ciwon na iya bin jikin ƙwayar, in shuka baɗi in sake ganin abin da na gani.

Ashirin da huɗu. Na tsaya ina kallonsu, wasu har sun ɗaura 'ya'ya kamar yatsan Lukuti. Na ji kamar ranar da aka fito da kayan Inna tsakar gida ana rabawa.

Sai Baba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Na bokiti ban fesa musu ba. Wurin rarrafen 'yar nan ne.”

Ban san lokacin da na kai baranda ba.

Ga su nan su uku a jere, kore shar, ganyensu ya shiga cikin na juna. Malama ta sake wanke hannu, ta duba su sama da ƙasa, ta ce waɗannan lafiyarsu ƙalau. In sun nuna, irin Innata ya tsira. Na ce Allah na gode maka. Mama ta shimfiɗa tabarma ta ce kowa ya zauna a sha ruwa, hankali ya dawo. Baba ya zauna a kujerarsa ta roba, na ajiye Lukuti a tabarma kusa da ƙafarsa.

Sai Malama ta nuna da tsinkenta ta ce, “Wa ya ɗaure waɗannan?”

Sai lokacin na lura. Biyu daga ciki an ɗaure su a jikin sanda da tsumman atamfa. Ba sai an gaya min ba, ƙullin direba ne, irin wanda ake ja wa kaya a bayan mota, ka ja bakin sau ɗaya ya warware.

Baba ya ce shi ne, jiya da safe, ya ga iska na kwantar da su.

Malama ta ce ba komai, tunda rabonsa da guntayen nan sati uku, hannu ya sha wanki. Abin tsoro kawai a ce ya taɓa taba jiyan kafin ya ɗaure. In haka ne dole a raba bokitan yau ɗin nan, don ganyensu na gugar juna, mai ciwo ɗaya zai shafa wa sauran.

Mama ta ajiye kofi ta ce, “Ah, wannan kam ki sha kuruminki, 'yar nan. Shekara biyu da wata uku. Mutumin nan in ya ce ya bari to ya bari. Ni da na kwana arba'in a kan benci a asibiti ni na san abin da na gani. Ko ashana ba ta kwana a aljihunsa.”

Malama ta ce to madalla, a bar su yadda suke, kar a yi ta jijjiga su a banza.

Ni kuwa sai na tuna wani abu. Jiya da na cire wa Lukuti riga na ji wani wari a kafaɗar, wurin da Baba yake riƙe ta. Na ce wa kaina na tasha ne. Shekaranjiya ma na ce na tasha ne.

Na kalli bokitan. Na kalli Mama tana murmushi. Na kalli ƙafar Baba, babban yatsansa sai motsi yake a cikin silifa.

In na yi magana na tona wa surukina asiri a gaban matarsa da baƙuwa. In na yi shiru na kashe irin Innata da bakina.

Malama ta miƙe ta rataya jaka. Ta yi sallama. Ta kai bakin ƙofa.

“Malama, dawo.”

Baba ne.

Ya kai hannu ya cire hularsa. Ya juya cikinta, ya ɗaga shafin. Kara uku ne a jere, ɗaya an sha rabi. Ya ajiye hular a kan tabarma kamar mai ajiye ƙwai.

Ya ce, “Na sha jiya. A bayan duro. Daga nan na zo na ɗaure, ban wanke hannu ba.”



Ya ce, “Biyu na taɓa. Na ukun ban kai gare shi ba, 'yar nan ta yi kuka na je na ɗauke ta. Ki raba su.”

Mama ta ce, “Tun yaushe?”

Ya ce tun da ya fara tsintar. Ranar farko leda ce a hannunsa. Rana ta biyu ya tsinci wata doguwa, ko rabi ba a sha ba.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mana sauƙi. Kallonsa kawai take, ludayin nan har yanzu yana cinyarta.

Malama ta taɓa ni ta ce mu yi aiki. Muka ja bokiti biyun can bakin ƙofar gida, ta ce a bar su nan a ga abin da Allah zai yi, amma kar in sa rai. Na dawo na tsuguna a bayan na ukun ina duba ko ganyensa ya goge. Ta ce gefen da ya jingina da na tsakiya za mu rage masa, sauran sai addu'a.

Shi ke nan fa, ɗaya. Daga ƙullin Inna guda, saura ɗaya a bokitin fenti.

Ina tsugune sai na ji Malama ta ce, “Ke, kalli 'yarki.”

Na ɗago. Lukuti ce a tsaye a tsakiyar tabarma, ba ta riƙe komai ba, ta ware ƙafa kamar ɗan dambe, tana min dariya da haƙoranta biyu.

Ta ɗaga ƙafa ta ajiye. Ɗaya.

Biyu.

Mama da ke cikin baƙin ciki ban san sanda ta saki ludayi ta fara tafi ba, tana “taho, taho uwata”. Baba ya miƙe tsaye, kansa ba hula.

Uku. Na ware hannu, ina kuka ina ƙirgawa.

Huɗu. Sai ta yi tangal-tangal, ta kai hannu ta damƙi abin da ya fi kusa da ita.

Reshen tumatirin.

Ta riƙe shi gam, ta zauna daɓas, tana ƙyalƙyala dariya. Sai da na zo ɓamɓare yatsunta na ga abin da ke tafin hannun. Garin taba ne, ya manne da yawu da gumi. Na waiga tabarma. Hular Baba a kife, kara ɗaya a farfashe. Duk muna kallon Mama, ba wanda ya kalli ƙasa.

Na manta da wani tumatir. Na sure ta sai bakin famfo, na buɗe bakin na duba har ƙarƙashin harshe, na wanke hannun da sabulu sau uku tana tsala ihu. Alhamdulillahi ba ta kai baki ba, ko ɗigo babu. Duk da haka na kira ma'aikaciyar asibitinmu, ta ce in sa mata ido, in ta yi amai ko ta yi laushi in kawo ta da gudu. Ga ta nan sai ɓarna take, ta cinye ayaba guda.

Kafin in dawo Malama ta aiki Baba kanti ya sayo sabuwar reza, ta ce ya miƙo da takardarta kar ya buɗe. Ta yanke reshen daga gindinsa, da na gefen nan, ta ƙulle a leda. Ta ce ta yi saurin da za ta iya. Sauran sai nan da kwana goma zuwa sati biyu, in dinga duba sabon toho na can sama. In ya fito a miƙe, kore ɗaya, mun tsira. In ya fito a motse, to in yi haƙuri.

Na kira Baban Lukuti in gaya masa duka. Yana jin ta taka ya hau cewa in turo bidiyo. Na ce wane bidiyo, ana ta kai wa ke ta kaya. Sauran labarin na ce sai ya zauna tukuna.

Mama kuwa ta ɗauki hular nan ta kakkaɓe, ta miƙa wa Baba da hannu biyu. Magana ɗaya ta yi.

“Don tumatir ka faɗa. Don ni ba ka faɗa ba.”

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da azahar ni da Baba muka tuge ashirin da huɗun. Shi ke tugewa ni ke tarawa. Da muka kai na ƙarshe ya ce in yafe masa, ya ci amanar Innata, baiwar Allah da bai taɓa gani ba. Na ce Baba ai kai ka cece min ɗayan. Ya ce a'a, shi dai ya rage ɓarna ne. Da wutar ta kama ya zaro kara biyun da suka rage ya jefa a ciki, ya koma can nesa da hayaƙin ya tsaya.

Yanzun nan da la'asar ina zaune ina rubuta muku sai na ji ƙofar Mama ta buɗe. Ta wuce mu ba ta kalli kowa ba, ta je famfo ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ta zo ta sunkuya ta rungumi bokitin, matar da ko tulu ba ta ɗagawa saboda ciwon baya. Na tashi zan karɓa ta ce in matsa.

Akwai ɗan fili a bayan ɗakinsu inda take shanya, rana na zama a wurin, kuma ba hanyar shiga sai ta cikin ɗakin. Can ta kai shi. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da filo a hannu.

Ta ce, “Daga yau ni ke jinyarsa. Mai warin taba ba zai tsallaka ƙofar nan ba sai ranar da tumatirin nan ya nuna.”

Baba ya ce, “In kuma bai nuna ba fa?”

Ta miƙa masa filon.

Yana nan tsaye a baranda da filo a ƙirji, Lukuti ta kama ƙafar wandonsa tana son miƙewa.

Don girman Allah, duk wadda ta kwafi shafi na tara, ba darbejiyata ce ta yi wannan aikin ba, na janye kurin da na yi. Kuma in kin san gidan da ake jiƙa taba a fesa wa shuka, ko mai shan ta ke taya ban ruwa, ki tura musu wannan yanzu, kafin a kai hannu.